Sai Bututun Ya Huce

Marcella ta ɗora hannuwanta biyu a kan sandar ɗuri, ta danna da duk nauyin jikinta, harsashin ya ƙi motsi. Ta ciji leɓe ta sake dannawa. Sai a nan ya fara sauka cikin bututun bindigar a hankali, yana 'yar ƙara, har ya zauna daram a kan albarushi.

"Duba alamar," in ji Alvin, ƙanin mijinta, daga kan kujerarsa ta ninkewa.

"Na duba."

"Ba ki duba ba, uwargida, ina kallonki. Wannan fa ba albarushin kakanninmu ba ne mai hayaƙi. Kika kuskura kika yi ɗuri biyu, sai dai mu je gonar masarar mutane tsintar yatsunki."

Ta harare shi, amma ta duba. Jan salatif ɗin da mijinta Linus ya naɗa a jikin sandar ya tsaya daidai bakin bututu. Ɗuri ɗaya ne, ya kuma zauna yadda ake so. Gefen salatif ɗin ya yi baƙi da maiƙon hannunsa. Ta yi sauri ta kau da ido, ta zare sandar.

Safiyar Asabar ce ta watan Nuwamba, a filin harbi na ƙungiyar mafarauta da ke bayan garinsu a kudancin Indiana, kuma ban da su biyu babu kowa. An gama girbin masara, gonaki sun yi fayau. Rana ta fito da ɗumi irin wanda ba a saba gani ba a wannan wata. Marcella ta zauna a benci, ta kwantar da bindigar a kan buhunan yashi, ta toshe kunnuwanta, ta kai ido madubin saiti. Can gindin tudu farar takarda tana jiranta da baƙin ɗigo a tsakiya. Ta ja numfashi, ta saki rabinsa, ta matsa kunamar bindigar.

Bindigar ta daki kafaɗarta har sai da haƙoranta suka haɗu. Hayaƙi kuwa babu, sai ɗan ƙauri.

Alvin ya leƙa tabaron hangen nesa. "Kai! Tsohuwa ta taɓa baƙi. Sa'a ce."

"Kawo kwalbar albarushi."

"Ina? Buɗe bindigar ki jingine ta a inuwa. Yanzu aka fara aikin."

Aikin da yake nufi shi ne jira, kuma duk duniya babu abin da Marcella ta tsana kamarsa.

Harsashin irin wannan bindiga bai cika ramin bututu ba, don haka ake zaunar da shi cikin wani ɗan ƙoƙon roba mai kunnuwa huɗu, wanda masu harkar ke kira sabot. Ƙoƙon ne ke kama bututu ya juya harsashi. Da sun fito sai ya buɗe kunnuwansa ya faɗi a ciyawa, harsashi ya wuce abinsa. In ƙoƙo ya dace da bindiga, sai ta riƙa jefa harsashi kusa da ramin ɗan'uwansa. Amma roba ce, ba ta son zafi. Aka ɗura ta a bututun da bai huce ba, sai ta yi laushi, wuta ta fasa gindinta, harsashi ya tafi inda ya ga dama. Shi ya sa bayan kowane harbi sai a zauna.

Bara war haka Linus ya yi odar ƙoƙuna iri biyu, baƙaƙe da masu ruwan lemo, don ya gwada wanda bindigarsa ta fi so kafin lokacin farautar barewa. Kwalin ya iso ranar da ya faɗi a bakin gareji. Ɓarin jikinsa ya shanye, daga baya mantuwa ta biyo. Da Marcella ta kasa ɗaga shi ita kaɗai, aka kai shi gidan kula da tsofaffi. Ya manta sunan titinsu, ya manta 'ya'yansa biyu da ke can nesa, ita kanta tun bazara ya koma ce mata baiwar Allah. Abu ɗaya ne ya maƙale masa. Duk wanda ya shiga ɗakinsa, likita ne ko limamin coci, sai ya tambaye shi, "An gwada ƙoƙunan nan kuwa?"

Ita ma kullum sai ya tambaye ta, cikin ladabi, yadda ake tambayar baƙuwa hanya. Ladabin nan shi ke cinta. Mutumin da suka yi shekara da shekaru suna musu a kan gishirin miya, yau shi ne ke ce mata na gode idan ta gyara masa matashi. So take ko sau ɗaya ya dube ta ya san ita ce, ko da zai manta kafin ta kai ƙofa. Sai ta ƙudura a ranta cewa in ta kai masa amsar tambayarsa, da takarda da ramukan harsashi, wataƙila wani abu ya buɗe. Alvin ba ya iya harbi tun da aka sa masa na'urar bugun zuciya a ƙirji, likita ya hana shi. Saboda haka ita za ta harba, shi ya auna albarushi ya yi surutu.

Suka koma bayan a-kori-kurar Linus, suka sauke murfin baya suka zauna. Ta buɗe fulas ta zuba kofi. Sai da ta zuba ta lura kofuna biyu ta ɗauko, nata da mai tsagaggen baki. Ta yi ɗan jim, sannan ta miƙa wa Alvin.

"Na yaya ne wannan," ya ce.

"Sha kawai. Ba zai ƙirga ba."

Ya karɓa ya kurɓa.

A nan suke zama ita da Linus kowace kaka. Shi ya miƙe ƙafa yana kallon dajin da ganyensa ya zube, ita tana karkaɗa ƙafa tana lissafa ayyukan da ta baro: wanki, kaji, kek ɗin da za ta kai coci. Ta ce masa ai bututun ya huce, ya ce da sauransa. Ta ce mutane na can suna abin kirki, su suna nan suna gadin ƙarfe. Ya yi murmushi ya kira ta da sunan da shi kaɗai ke kiranta da shi, ya ce, "Sela, sai ya yi sanyi kamar hancin kare." Ba ya yawan magana, amma a zaman nan ne yake faɗin abin da ba ya faɗi a gida. A nan ya gaya mata an rage musu aiki a kamfanin kujeru da tebura. A nan ya ce mata yana tsoron tsufa. Ita kuwa rabin hankalinta na kan agogo. Yau ga murfin motar, ga dajin, ga lokaci har ya yi mata yawa, kuma kewarsa ta taso mata.

"Je ki tsinto ƙoƙon," in ji Alvin. "Ni in na sunkuya sai an kira motar asibiti."

Wannan dama aikinta ne tun fil'azal, don ta fi Linus kaifin ido. Ta taka cikin busasshiyar ciyawa a gaban benci, tana dubawa, har ta hango shi. Baƙi, kunnuwa huɗu a buɗe, gindi lafiya lau. Da can kai masa take yi. Shi ba ya ko kallo, sai ya mirgina shi a ƙarƙashin babban yatsa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana goge saman tebura a kamfani, yatsansa ya fi idonsa gani. Ta jefa ƙoƙon cikin 'yar ledar da ta zo da ita.

Haka suka yi ta yi. Alvin ya auna albarushi a sikeli yana lumshe ido ɗaya, ta ɗura, ta duba alama, ta harba, su jingine bindiga, su zauna. Ta tashi ta taɓa bututu da bayan hannu, ya ce, "Zauna, uwargida, ba tukunyar miya ba ce." Baƙaƙen ƙoƙunan suka yi abin kirki, ramuka uku da tafin hannun jariri zai rufe. Alvin ya tafi da sandarsa yana ɗingishi ya canza takarda.

"Kin san dai yaya bai taɓa bari ki yi gwaji ba," ya ce da ya dawo.

"Ya bari sau ɗaya."

"Oho, shekarar da kika harbe shingen ƙungiya! Har yau ramin na nan, in kina so in nuna miki. Yaya ya shiga bayan gida, kafin ya fito kin yi harbi uku. Ya ce da mace za ta iya haihuwa a wata biyar, da ke za ki fara."

"Kai kuma da ka yi shekara bakwai kana neman matarka Doris kafin ka buɗe baki?"

"Ina jira ne in huce."

Dariya ta kama ta ba shiri, har kofi ya zubo mata a wando. Rabon da ta yi irin wannan dariya har ta manta.

Masu ruwan lemon sun fi tauri wajen ɗuri, sai da ta hau kan sandar kamar mai kirɓa sakwara. Amma harbin farko ya shiga tsakiyar baƙi, na biyu kuma ya taɓa gefen ramin na farko. Alvin ya daɗe a kan tabaronsa.

"Wallahi ko yaya bai taɓa yin wannan ba. Saura ɗaya, ki kai masa abin da zai rataye a bango."

Sai dai rana ta riga ta take tsaka, ta fara karkata. Inuwar da suke jingine bindiga ta gudu, ƙarfen ya ƙi sakin zafi. Kuma Marcella ta san abin da Alvin bai sani ba, don shi ranar Lahadi da safe kawai yake zuwa duba yayansa. Linus na safe daban, na yamma daban. Da la'asar ta kawo kai sai idanunsa su fara yawo, ya riƙa neman mahaifiyarsa, ko tambayar ƙoƙunan ma ba ya yi. In ba ta isa da wuri ba, duk wahalar yau ta tashi a banza. Ta taɓa bututun. Da ɗumi. Ta zauna, ta miƙe, ta sake taɓawa.

"Ya huce," ta ce.

Alvin ya kai hannu. "Wannan? Ai ko ƙwai ka fasa a kai sai ya soyu."

"Ƙarya kake. Ba ni kwalbar."

"Marcella, ɗan ƙara kaɗan."

"Kaɗan ɗin nan ne ba ni da shi. Ba ni."

Ya dube ta, ya ga fuskarta, ya miƙa mata. Tun wajen ɗuri ta san ta yi ɓarna, don ƙoƙon ya zarce ƙasa sumul ba gardama. Duk da haka ta zauna ta saita. Ƙarar ta fito wani iri, ba ƙarfi, dukan kafaɗar ma rabi ne. Can gefen tudu, nesa da takarda, ƙura ta ɗan tashi.

Alvin ya sauke tabaro. "To. An gaida shinge."

Marcella ta miƙe ta shiga ciyawa. Ta daɗe tana neman ƙoƙon, don bai faɗi inda 'yan'uwansa suka faɗi ba. Da ta same shi, kunne ɗaya ya cire, gindin ya fashe ya ƙone, gefensa ya narke ya daskare. Ta tsaya riƙe da shi, takaici ya cika ta. Tsufa ya zo, miji ya tafi ya bar gangar jiki, amma halin nan nata yana nan inda yake.

"Jefar da shi," in ji Alvin a hankali. "Ramuka biyu manne da juna sun isa shaida. Wa ya gani? Ni dai ban ga komai ba, idona ba kyau."

Ba ta sa shi cikin ledar ba. Amma Linus bai taɓa barin roba a fili ba, ko ta wani ce sai ya tsince, don haka ta cusa shi a aljihun rigar sanyinta ta ce za ta zubar a gida.

Ta sauke Alvin a ƙofar gidansa, ta kulle bindigar a kabad, ta ɗauki kek ɗin kanya da ta gasa jiya, ta kama hanya tana taka mota fiye da ƙa'ida. A gidan tsofaffin, Donna, ma'aikaciyar jinyar da ke kula da ɓangarensu, ta tare ta a baranda.

"Kin ci sa'a, yau garau yake. Ya cinye abincinsa, har ya ce naman ya yi tauri."

Yana zaune a kujerar guragu kusa da taga, bargo a cinya, an taje masa gashi ta gefen da ba ya so. Ya ɗago ya yi mata murmushin baƙi.

"Sannu da zuwa, baiwar Allah. Ko kin san an gwada ƙoƙunan nan kuwa?"

"An gwada," ta ce. "Yau da safe aka gwada."

Ta shimfiɗa masa takardun biyu a kan bargo, ta nuna masa na baƙaƙe, ta nuna masa ramuka biyun da suka manne. Ya kalla, ya gyaɗa kai yadda mutum ke yi idan an nuna masa hoton jikokin wani. Sai ta zazzage ledar a tafin hannunsa mai lafiya. Yatsan ya fara aiki da kansa. Ya mirgina baƙi, ya ajiye. Ya mirgina mai ruwan lemo, ya daɗe a kansa, ya bi kunnuwan ɗaya bayan ɗaya, ya shafa gindin.

"Waɗannan ne," ya ce. "Masu taurin. Wanda ya yi harbin nan ya san aikinsa, mutum ne mai haƙuri." Ya miƙo mata su. "Ki gaishe shi. Na gode ƙwarai, baiwar Allah."

Shi ke nan. Ta amsa tambayar, tambayar ta mutu, bai kuma san ta ba. Sai yanzu ta gane abin da ta yi: ɗan zaren da ya rage yana ja, ita da hannunta ta tsinke shi. Gobe ko tambayar ba zai yi mata ba. Ta juya baya ta shiga yanka kek don kada ya ga fuskarta. Ta ba shi a baki, ya ci, ya ce da daɗi, wa ya yi? Ta ce wata mata ce. Garin kek ya maƙale masa a gefen baki, ta sa hannu a aljihu ta jawo hankici, ƙonannen ƙoƙon ya biyo shi ya faɗo a kan bargo.

Ta kai hannu da sauri, ya riga ta.

Ya mirgina shi sau ɗaya. Yatsan ya tsaya a inda kunnen ya cire, ya koma gindin, ya shiga cikin fashewar. Girarsa ta haɗe. Wani tsohon tsaki da ta yi wata da watanni ba ta ji ba ya fito daga bakinsa.

"Sela!"

Hankicin ya faɗi daga hannunta.

"Sela, ba ki bari ya huce ba." Ya ɗago ƙoƙon yana girgiza shi a gaban fuskarta, idanunsa a kanta sosai. "Dubi nan. Dubi abin da kika yi wa roba. Sau nawa zan gaya miki? Ke dai ba a bar miki bindiga a juya baya. Ina harsashin ya tafi?"

"Gefen tudu," ta ce da ƙyar.

"Gefen tudu! Allah ya sa ba saniyar mutane a wurin. Ina kike sauri za ki? Kajin ne?"

"Kajin ne, Linus."

"Kajin ba za su mutu ba."

Dariya da kuka suka haɗe mata wuri ɗaya, ta rasa wanda za ta fara. Ta miƙe don ta ɗauko ruwa ta ɓoye fuskarta, ya kama gefen rigarta da hannun nan mai ƙarfi.

"Kin gani ko? Har kin tashi. Zauna nan." Ya nuna bakin gado da haɓa. "Zauna mu jira. Sai ya yi sanyi kamar me?"

"Kamar hancin kare."

"To, ashe kin sani."

Ta zauna. Ya miƙe ƙafarsa mai lafiya, ya juya yana kallon itatuwan da ke bayan wurin ajiye motoci, ƙoƙon na cikin tafinsa, gefen rigarta na tsakanin yatsunsa. Ba ta san ko minti nawa za a ba ta ba. Hasken taga ya riga ya fara ja, la'asar na tafe, kuma ta san abin da take zuwa da shi. Akwai agogo a bango bayan kanta, tana jin tafiyarsa. Ta gyara zama ta matso kusa har kafaɗarta mai ciwo ta taɓa tasa.

Donna ta turo ƙofa da ɗan tiren magani. Marcella ta ɗaga mata hannu.

"Ɗan ba mu lokaci. Jira muke yi."

Donna ta dubi ɗakin, ta dubi su biyun. "Me kuke jira?"

"Bindiga ce ba ta huce ba," in ji Marcella.

Linus ya gyaɗa kai, bai ɗauke ido daga taga ba.

"Da sauranta," ya ce.